Neman shawara: kumfar sabulu tana shiga kududdufin kifina a Argungu

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon kifi. Ina da kududdufi a bakin fadama wanda na gada daga mahaifina, masunci ne da ya yi shekaru yana shiga kogin Matan Fada da homa da gora, kuma kuɗin da na zuba karfasa da tarwaɗa bana rance ne daga surukina, wanda zan biya bayan salla. Tun shigowar zafi, masu wankin babura da masu wankau suka koma saman magudanar da ke kawo mini ruwa. Yanzu kumfa tana taruwa, karfasa suna tasowa da asuba suna buɗe baki, wasu sun mutu. Ina mafita?

Wani malamin gona mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, garin sabulu ne, babu tantama. Sinadarin da ke cire maiƙo daga tufafi shi ne yake wanke yauƙin da ke kare jikin kifi daga cuta, yana kuma lalata kafofin numfashinsa da ke gefen kai. Wasu sabulan suna ɗauke da fosfet, wanda ke haɓaka gansakuka, ita kuwa da dare tana shanye iskar oksijin, shi ya sa wahalar take tsananta da asuba. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, don haka karfasa ce ke fara mutuwa. Ka toshe magudanar yau.

Wani mai kiwo daga Birnin Kebbi: Da girmamawa, Baba, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, kuma ragowar abinci yana ruɓewa a ƙasa. Gara mai tambaya ya rage abinci, ya sauya ruwa tukuna.

Malamin gonar: Da wane ruwan zai sauya, Malam? Da mai kumfar?

Wani masunci daga Yauri: Mu ma a bakin kogi haka muke fama. Mun kai kuka wurin manya, aka ce mu yi haƙuri, alhali 'ya'yan kifi ne suka fi mutuwa, su ne kuma kamun baɗi.

Mai tambaya: Na gode, Baba, amma idan na toshe magudanar a wannan zafin, kududdufin zai ƙafe, kuma ba ni da kuɗin haƙa rijiyar burtsatse. Abinci kuwa da ma'auni nake ba su, kamar yadda mahaifina ya koya mini. Masu wankin maƙwabtana ne, da shi suke ciyar da iyalansu, ba zan iya kai ƙararsu ba.

Malamin gonar: To, ka kwashe karfasar ka sayar tun tana da rai.

Mai tambaya: Ba su kai girman sayarwa ba, Baba. Ko akwai wanda ya taɓa tace irin wannan ruwan da yashi da gawayi?