Zuwa ƙauyen da ke saman dutse a dawo a rana ɗaya: shin lissafina ya yi daidai?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da tafiyar duwatsu. Mahaifina, wanda shekarunsa suka haura 65, ya daɗe yana son ziyartar wani amininsa na ƙuruciya da ke zaune a wani ƙauye can saman tsauni, kuma na yi masa alkawarin zan kai shi kafin damina ta yi nisa. Daga inda muke zuwa ƙarshen kwalta tafiyar awa biyu ce a mota, sai hanyar burji mai yawan kwana ta kilomita 18 da ke hawa gefen dutsen, sannan a ajiye mota a taka kilomita 6 da ƙafa. Taswirar wayata ta nuna cewa muna mita 300 sama da teku, wurin ajiye mota yana mita 1,100, ƙauyen kuma yana mita 2,000. Niyyata ita ce mu tashi ƙarfe 7 na safe, mu isa da tsakar rana, mu yi awa uku a can, mu dawo gida a kwana. Shin wannan lissafi zai yiwu, kuma me ya kamata in tanada?

Mahayin Duwatsu:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, amma ɗan'uwa, ka auna tafiyar dutse da ma'aunin fili, kuma nan ne kuskuren yake. Kilomita 6 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci, sai dai a taku hanyar akwai hawa na mita 900 a cikinta, wanda shi ne zai cinye muku lokaci da ƙarfi. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da William Naismith, wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, ya tsara a 1892, wadda masu tafiyar tsauni suke amfani da ita har yau: a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5 ta tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Idan ka ɗora taku hanyar a kanta, za ka samu kusan awa biyu da minti 40, kuma wannan na mutum mai jini a jika ne wanda ba ya tsayawa hutu. Da dattijo a tare da kai, ka rubuta awa huɗu.

Yanzu mu bi agogon tare. Kun tashi ƙarfe 7, kun kai ƙarshen kwalta ƙarfe 9, burjin zai ci muku awa ɗaya ko fiye domin ba a gudu a irinsa, saboda haka ƙarfe 10 za ku fara takawa, ku shiga ƙauyen ƙarfe 2 na rana. Mutane da yawa suna zaton saukowa tana da sauri ƙwarai, alhali ga mai shekaru gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma ƙafar da ta gaji ita ce take zamewa a kan tsakuwa. Ka ba ta awa uku, ka ƙara awa ɗaya ta burjin da bai kamata a bi shi cikin duhu ba. Idan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a wurinku, dole ku baro ƙauyen ƙarfe 2, wato daidai lokacin da kuka isa. Ka kuma sani cewa a cikin kwari haske yana gushewa tun kafin lokacin da waya ta nuna, domin rana tana ɓuya a bayan dutse da wuri.

Idan lalle sai a rana ɗaya, ku tashi ƙarfe 5 na asuba, ku tsayar da lokacin juyowa tun daga gida, ku yarda cewa idan ya cika za ku juya ko da kuna hango rufin gidajen ƙauyen. Ka sauke taswirar cikin waya kafin ku bar inda ake samun sabis, domin GPS, wato abin da ke nuna wa waya inda kake, yana aiki ba tare da intanet ba amma taswirar ba za ta buɗe ba, ka ɗauki tocila biyu, ka kuma sanar da wani a gida lokacin da ya kamata ya ji muryarku.

Tsohon Direba:

Malam, abin da ya shafi ƙafa an faɗa maka shi, ni motar zan yi magana a kai. A dogon gangare ba a dogara da birki. Ka saka giya ta ɗaya ko ta biyu ka bar inji ya riƙe motar, ka riƙa taɓa birkin kaɗan-kaɗan kana saki. Na taɓa saukowa daga irin wannan hanya ƙafata a kan birki tun daga sama, sai na fara jin ƙauri kamar na ƙonannen roba, da na taka kuma sai na ji fedar ta yi laushi tana nutsewa, domin man birkin ya yi zafi har ya tafasa. Da ƙyar na samu wani ɗan fili na tsaya, na tokare taya da dutse, na jira fiye da rabin awa hannuna yana rawa. Ka duba ruwan lagireto da safaya da jak, ka cika tanki, ka yi hon kafin kowace kwanar da ba ka ganin bayanta. Idan kun tarar da rafi ya kawo ruwa ya hau kan hanya, kada ka gwada shiga, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗauke ƙaramar mota.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan'uwa, ni hankalina yana kan Baba. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa a tsauni yawanci yana farawa ne daga wajen mita 2,500, saboda haka mita 2,000 ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya, amma idan yana da hawan jini, ciwon zuciya ko matsalar numfashi, ka kai shi likitansa ya duba shi kafin tafiyar, kuma magungunansa su kasance a jikinku ba a cikin mota ba. Idan ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko haki wanda hutu bai kwantar da shi ba, tafiya ta ƙare a nan. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 na hawa, wato ƙauyen zai fi gidanku sanyi da kusan digiri 11, kuma rigar da ta jiƙe da gumi idan iska ta buge ta tana saurin sanyaya jikin tsoho. Ku ɗauki rigar sanyi da ta ruwa da sandar dogarawa da isasshen ruwan sha. Hadarin tsauni ya fi haɗuwa da yamma, kuma idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, ku bar ƙololuwa da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Ban goyi bayan tashin asuba a dawo a ranar ba, duk da cewa lissafin ya fita. Awa bakwai a ƙafa da awa shida a mota, domin zaman awa biyu, nauyi ne babba ga mai waɗannan shekaru. Mutumin da ya yi shekaru bai ga amininsa ba bai kamata ya zauna yana kallon agogo ba.

Mai Neman Shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba amsoshinku jiya da dare, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce dama shi bai so a yi masa gaggawa ba, kunyar ɗora mini nauyi ce ta hana shi faɗa. Mun tsayar da cewa za mu ga likitansa a wannan makon, mu aika wa amininsa saƙo cewa za mu kwana ɗaya, mu tashi ƙarfe 6 na safe, mu sauko washegari da hantsi kafin hadari ya haɗu. Motar kuma gobe zan kai ta wurin bakanike a duba birki.