Takardar "wa zai riga wa" a Ostireliya: lissafi ne ko jiran gawa?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. A garejin da nake aiki a nan Perth, duk farkon Janairu kowa yakan rubuta sunayen manyan ƙasar nan guda 10 da yake ganin ba za su ga ƙarshen shekara ba, ya jefa dala 20 a gwangwanin biskit. Tsofaffin 'yan siyasa, mawaƙa, attajirai, 'yan wasa. In wanda ka rubuta ya mutu, sai a cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne makinka. Mai shekara 95 maki 5 ke nan, mai 60 kuwa maki 40. Takardar na nan manne a jikin firij, da jan biro an ɗaure shi da zare. Jiya ogan sashenmu ya miƙo mini biron, na ce sai na yi tunani. Ya ce ai ba mugun abu ba ne, lissafi ne kawai, irin wanda kamfanonin inshora ke yi kullum. Wai haka ne?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. An tara kuɗi, mutum ɗaya ya kwashe na kowa a kan abin da babu wanda ya san yadda zai kasance. In wannan ba caca ba ce, to a gaya mini mece ce caca. Ka duba Ma'ida aya ta 90. Sannan ƙarshen Suratu Luƙman ya ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai kuma san a wace ƙasa zai mutu ba. Ka mayar masa da bironsa.

Ɗalibin Melbon: Allah ya gafarta Malam, maganar kuɗi ban ja ba, caca ce. Amma a cire gwangwanin a bar takardar. Ni a ganina ogan nasa ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Abin da nake karanta ke nan a jami'a. Tun 1825 wani Bature, Benjamin Gompertz, ya nuna cewa bayan mutum ya mallaki hankalinsa, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa kusan duk shekara 8. Gwamnatin Ostireliya tana buga jadawalin wannan, da shi ake tsara fansho. A cikin maza masu shekara 90, kusan ɗaya cikin 6 ba ya kai baɗi. Wanda ya faɗi haka bai yi da'awar sanin gaibu ba, kamar manomin da ya ga hadari ya ce yau za a yi ruwa.

Kawu Sidni: Yaro, jadawalin nan naka na gan shi ya sha ƙasa. Shekaru da yawa ina tuƙa tasi a garin nan, kuma duk mai irin wannan takarda Gough Whitlam yake fara rubutawa, firaministan da Gwamna-Janar ya tsige a 1975. Shekara ta zo ta wuce, mutumin yana nan. Matarsa Margaret ta riga shi a 2012. Shi sai Oktoban 2014 ya tafi yana da 98, wato maki 2 kacal bayan duk jiran da aka yi. Malcolm Fraser da ya karɓi kujerarsa, wanda Whitlam ya girma da shekara 14 ko kusan haka, wata 5 kawai ya ƙara a bayansa.

Kawu Sidni: Bari in ƙara maka. Ranar 4 ga Maris 2022 Rod Marsh, tsohon ɗan wasan kurket, ya rasu yana da 74 bayan kwanaki a asibiti da ciwon zuciya. Shane Warne, shi ma tsohon ɗan kurket, ya yi masa ta'aziyya a Twitter. Kafin ranar ta ƙare, shi kansa Warne an tsinci gawarsa a tsibirin Koh Samui na Tailan, shekararsa 52. Cikin dare labarin ya iso mu. Na ɗauko wani ƙato da ya fito daga mashaya, rediyo na faɗa, sai ya ce in ƙara murya, ya kifa kansa a bayan kujerata yana kuka har muka isa gidansa. Wata biyu bayan nan wani ɗan kurket ɗin, Andrew Symonds, ya rasu a haɗarin mota kusa da Townsville yana da 46. A 2006 Steve Irwin, mai wasa da kadoji, kifi mai tsinke a wutsiya ne ya soke shi a ƙirji yana da 44, kwana 4 bayansa direban tsere Peter Brock ya bi. Wane jadawali ne ya ga waɗannan?

Ɗalibin Melbon: Kawu, ai jadawalin bai taɓa cewa ya ga Warne ba. Maganar mutum 1,000 yake yi, ba ta mutum ɗaya ba. Zai ce maka a cikin dubun nan kusan kaza za su tafi, ba zai nuna maka wane da wane ba.

Malam Na-Zariya: Madalla, ka yanke wa kanka hukunci. Takardar da ke jikin firij ɗin Baban Hanif ba ta ce "kusan kaza cikin dubu" ba. Suna ta kama, ɗan wane, mijin wance. To ka ga ba aikinku ɗaya ba.

Ɗalibin Melbon: Malam ya kama ni a nan, na yarda. Amma fa likita ma suna yake kamawa.

Anti Nas: Tunda an taɓo mu bari in sa baki. Shekarata 9 ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Adelaide, kuma eh, muna kintace, da suna. Akwai tambayar da ake koya mana mu yi wa kanmu: in wannan mutumin ya rasu cikin wata 12 masu zuwa, zan yi mamaki? In amsar a'a ce, sai a fara magana da iyali, a rage wahalar da shi da gwaje-gwaje, a tambaye shi abin da yake so. In na ga tsohuwa ta daina karɓar shayi, barci ya yi yawa, ƙafafu sun fara sanyi da canza launi, ni ce ke ɗaga waya in ce wa ɗanta da ke Darwin ya nemi jirgi yau, kada ya bari sai Asabar. Har doka ma ta shigo ciki: a jihar Victoria, dokar taimaka wa mai jinya ya ƙare rayuwarsa da ta fara aiki a 2019 ta ginu ne a kan likitoci su ce bai wuce wata 6 ya rage masa ba. Ni ban yarda da wannan dokar ba, misali kawai nake bayarwa.

Amma ƙanena, ga inda muka rabu da mutanen gareji. In na kira ɗan, ya taso, sai tsohuwar ta farfaɗo ta nemi burodi da man shanu, dariya muke yi ni da shi, kuskurena abin murna ne. Mai takarda kuwa in nasa ya farfaɗo asara ya yi. Ko bai furta ba, ka sa wa zuciyarsa dalilin jin haushin lafiyar wani.

Autan Zaure: Anti kin gama magana. Amma ni da zan rubuta, wallahi na san wanda zan sa na ɗaya.

*An goge wannan saƙon.*

Kawu Sidni: Ni na goge. Auta, a zauren nan ba a kiran sunan mai rai a wannan zance. Matattu muke magana a kansu, su ma da ladabi.

Autan Zaure: Tuba nake Kawu.

Ɗan Maraɗi: Ni fa ku yi haƙuri, ina jin ƙanshin munafunci a maganar nan. Mu ba ma yi? Sarki ya kwanta jinya, kafin a ce me an fara ƙirga 'ya'yan sarki a majalisar shayi, wane ne gwamna ke so, wane ne masu zaɓe ke so. A 2017 da Buhari ya daɗe a Landan sau nawa aka kashe shi a Facebook, har aka ce wani Jibrin aka kawo daga Sudan? Mutumin sai Yulin 2025 ya rasu. A 1989 an sanar da mutuwar Azikiwe har da kwamitin jana'iza, ya rayu zuwa 1996. Mu a ɓoye muke yi da raɗa, su sun manna a firij. Kuma mutanen nan haka suke da mutuwa, raha suke mayar da ita. Firaministansu Harold Holt ya shiga teku iyo a Disambar 1967 ba a sake ganinsa ba, sai suka sa wa wurin ninƙaya a Melbon sunansa. Tsohon firaminista Bob Hawke da bakinsa ya ce a ƙarshen 2018 da wuya ya ga zaɓe mai zuwa, kuma ya rasu 16 ga Mayun 2019, saura kwana 2 a jefa ƙuri'a. Jaridu ma suna rubuta tarihin babban mutum su ajiye tun yana raye, ranar da ya cika sai su ƙara kwanan wata.

Malam Na-Zariya: Ɗan Maraɗi, laifin da muke yi a majalisar shayi ba ya halatta na gareji, biyu ne suka zama. Hawke kuwa kansa ya yi wa kintace, jikinsa ne ya gaya masa. Wannan daban da wani ya zauna yana duba labarai ko an kwantar da kai.

Anti Nas: Kuma ko mai jikin ma yana kuskure. Clive James, marubucin nan ɗan Sidni da ya zauna a Ingila, an gano yana da sankarar jini a 2010. A 2014 ya rubuta waƙar ban kwana a kan wata bishiya da 'yarsa ta ba shi, yana ganin ganyenta na wannan kakar ne na ƙarshe da zai gani. Kowa ya yi ta kuka, aka yi ta hira da shi ta sallama. Sabon magani ya riƙe shi, har ya riƙa cewa kunya yake ji da bai mutu ba. Sai Nuwambar 2019 ya tafi. Ku duba fa, an kai mutum yana ba da haƙuri don yana numfashi.

Sannan Ɗan Maraɗi, ka daina cewa "haka mutanen nan suke". Waɗanne? 'Yan asalin ƙasar, Aborijin, da yawansu ko sunan mamaci ba sa kira na wani lokaci, ba sa son a nuna hotonsa. Shi ya sa tashar ABC ke sa gargaɗi kafin shiri cewa akwai hotuna da muryoyin waɗanda suka rasu. Da ɗan fim David Gulpilil ya rasu a Nuwambar 2021, iyalinsa suka roƙa a kira shi David Dalaithngu, kafofin labarai suka bi har sai da aka ba da izini. Shi ma tun 2017 aka gano sankarar huhu aka yi zaton watanni suka rage.

Baban Hanif: Anti kin tuna mini wani abu. Akwai wani ɗan ƙabilar Noongar, ɗaya daga cikin ƙabilun Aborijin, a garejinmu, ya fi kowa daɗewa. Yanzu da na duba hoton takardar a wayata, babu sunansa a cikin masu wasan. A wajen firij ɗin ma baya yake juya mata in yana haɗa shayi. Ban taɓa lura da dalili ba.

Ɗan Maraɗi: To na janye "mutanen nan". Amma ban janye cewa mu ma muna yi ba.

Kawu Sidni: Ba wanda ya ce ka janye. Ni Kerry Packer ne ke ba ni dariya a wannan harka, attajirin gidan talabijin na Channel Nine. A 1990 zuciyarsa ta tsaya yana wasan folo, mintoci ba ta bugawa, aka yi sa'a motar asibitin da ta zo tana da na'urar farfaɗo da zuciya. Da ya tashi ya ba da kuɗi aka sa irinta a motocin asibitin jihar New South Wales. A 2000 matuƙin jirginsa mai saukar ungulu ya ba shi ƙoda. Sai 26 ga Disambar 2005 ya rasu yana da 68. Ka ce ka rubuta shi a 1990, za a ba ka makin ne ko a'a? Shi dai ya riƙa gaya wa mutane ya leƙa can bai ga komai ba.

Malam Na-Zariya: Bai leƙa ko'ina ba Kawu, suma ya yi. Wanda ajalinsa ya zo ba ya dawowa ya yi hira da 'yan jarida.

Ɗalibin Melbon: Ni dai har yanzu ina kan cewa kintace kansa ba zunubi ba ne, in ba haka ba Anti da ni duk mu ajiye aiki. Abin da na sauka daga kai shi ne cewa takardar gareji irin namu ce. Ko tsarin makin ya tona asirinta: ya fi ba ka lada in ƙaramin mutum ya mutu.

Malam Na-Zariya: A haka ba mu da saɓani sosai. In ka ce "a bisa al'ada, in Allah ya so", ka bar ilimin ga Mai shi, ba ka yi laifi ba.

Baban Hanif: Jama'a na gode. Yau da safe na mayar wa oga bironsa, na ce addinina bai bar ni ba. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Sai dai ya ce tunda ba na caca kuma ba na sha, ni ne mafi amana a garejin, don haka daga yanzu gwangwanin kuɗin a akwatin ajiyar kayana na gareji za a riƙa ajiyewa har Disamba. Malam, ajiya kawai fa, ban rubuta kowa ba. Ya halatta?

Malam Na-Zariya: Haba Baban Hanif.