Na sa wa Mercedes rediyon Android, sauti ya ɗauke gaba ɗaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka min da shawara. Motata Mercedes E-Class ce, W211 ƙirar 2007, mai lasifikokin Harman Kardon. Na cire rediyonta na asali, COMAND, aka ɗaura min mai allo na Android saboda Bluetooth da taswira. Allon yana kawo wuta, waƙa tana tafiya, maɓallan sitiyari ma suna aiki, amma ko ƙis ba ka ji a lasifika.

Da mai wayarin ya zare rediyon, sai ga shi babu wayoyin lasifika a bayan dashbod ko ɗaya, sai wata waya ruwan lemo da jan haske ke ƙyaftawa a bakinta. Faiba ce, wato waya mai aika saƙo ta hanyar haske, ta tsarin da ake kira MOST, ita ke kai sauti ga amfilifaya da ke can cikin but.

Shi dai ya ce a jawo doguwar waya daga gaba har but a haɗa lasifikokin kai tsaye. Ban yarda ba, don tsallake amfilifayar na nufin sabufa (lasifikar bes) da lasifikar tsakiya sun tashi aiki, kuma su na fi so a motar. Wani kuma ya ce in sayi dikoda ta MOST, na'urar da ke haɗa sabon rediyon da faibar, sai dai wai ba zan iya karkata sauti gaba ko baya ba.

Wanda ya taɓa sa dikodar a irin wannan mota, yaya ingancin sautin? Tana shan batir in mota ta kwana? Ko in haƙura in sa sabuwar amfilifaya kawai?