Wai Umaru Gandan nan da aka sa wa cibiyar al'adu ta CCOG sunansa, wane ne shi?

Ɗan Damagaram:
Salam jama'a. Jiya na raka ƙanena kallon wasa CCOG a Yamai, muna layin tikiti yake tambayata wai Umaru Gandan nan kawu ne na wani minista ko me, wallahi kunya ta kama ni don abin da na sani kawai ɗan fim ne. Don Allah masu sani ku ba mu labari, kuma ina ake samun finafinansa?

Tsohon ɗan sinima:
Wa alaikassalam ɗana. Bazabarme ne, haihuwar Yamai 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa aka kai shi yaƙin Indoshin (yankin Vietnam), ya dawo gida ba aiki ba komai sai ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, nan ne Bafaranshen nan mai shirya fim Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ni abin da ya fi taɓa ni a fim ɗin muryarsa ce, don an ɗauki hoton ba sauti, daga baya aka zaunar da shi yana kallo yana magana da bakinsa, to wurin da yake tafe bakin ruwa yana kwatanta yadda ake faɗuwa ƙasa in an buɗe wuta, ka ji mutum ne da ya ga abin da idonsa.

Hajiya ta Maraɗi:
Baba kun manta fim ɗin Cabascabo, Ganda ne ya shirya shi kuma ya fito a ciki. Soja ya dawo da kuɗi abokai sun yi caa a kansa, kuɗi na ƙarewa kowa ya watse. Da Zabarmanci aka yi amma ko ba ka jin yaren za ka gane, kakana ma tsohon soja ne shi ya sa ban iya kallonsa ba hawaye.

Tsohon ɗan sinima:
Gaskiyarki 'yata. Sai fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya dawo daga Makka ya ƙara ta uku, shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu 1972, karon farko da aka ba da ita. Har yau akwai kyauta da sunan Ganda can. Ya rasu 1 ga Janairun 1981, Allah ya jiƙan sa.

Ɗan Damagaram:
Amin Baba, na gode ƙwarai. Hajiya ke a ina kika ga Cabascabon? Shi zan fara nuna wa yaron nan.