An gayyace ni taron hukumar makaranta kan kwashe littattafai, in je ko in zauna?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka, shawara nake nema. Maƙwabcina baƙar fata ne ɗan asalin nan, yana cikin wasu iyaye maza da ke karanta wa yara littattafai a laburare duk Asabar. Su ne ma suka sa kantar littattafai a shagon askin unguwarmu. Sadiq da a da sai da faɗa yake buɗe littafi, yanzu shi ke ja na mu je aski ko gashin bai taru ba. To ga shi hukumar makarantun gundumarmu za ta zauna kan wasu littattafai da ake so a kwashe daga laburaren makaranta, maƙwabcin nan ya ce in zo mu tsaya tare mu ƙi. Nan fa na rasa ta cewa. Ni Musulmi ne, akwai abin da ba zan yarda ɗana ya karanta ba. In na je, ba na goyi bayan abin da nake hanawa a gidana ba ke nan? In kuma na ƙi, da wane ido zan kalli mutanen da suka sa yarona son karatu?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Abu biyu ka haɗa wuri guda. Hana ɗanka daban, hana 'ya'yan kowa daban. A nan Maryland muka ga shari'ar Mahmoud da Taylor, wadda iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery suka kai har Kotun Ƙoli. A watan Yunin 2025 alƙalai 6 cikin 9 suka ba su gaskiya. Amma ka lura da abin da suka nema: a sanar da su, a kuma bar su su fitar da 'ya'yansu daga aji idan za a karanta littattafan da suka saɓa wa addininsu. Ba su ce a kwashe littafi ko ɗaya daga kantar littattafai ba. Kafin komai ka nemi jerin littattafan a ofishin hukumar, ba sirri ba ne.

Alhaji Mai Tasi:
Ƙanina, ni dai ban ba ka shawarar zuwa ba. Ana ta cewa "an haramta littafi" kamar ƙona shi aka yi, alhali yana nan a kasuwa, mai so ya saya. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, da yawa daga littattafan da aka fi kai ƙorafinsu akwai batsa a ciki ƙarara. Laburaren makaranta dama zaɓe yake yi, ba kowane littafi yake ajiyewa ba. In ma'aikaci zai iya zaɓa, me ya sa uba ba zai iya ba? Ka ci gaba da kai yaro karatun Asabar, ka bar musu siyasarsu.

Yaya Ladi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a laburare nake aiki, bari in faɗi yadda abin yake tafiya. Ba na musun akwai littattafan da ba su dace da ɗan firamare ba, mu ma muna mayar da irinsu sashen manya. Matsalar ita ce wa ke yanke hukunci, kuma ta yaya. Jaridar Washington Post ta bincika ƙorafe-ƙorafe sama da dubu na shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, ta gano mutum 11 kacal ne suka shigar da mafi yawansu. Ƙungiyar marubuta ta PEN America kuma ta ƙirga cire littafi sama da sau 10,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, akasari a Florida da Iowa, bayan dokokin da jihohin biyu suka yi a 2023. A wurare da dama, da zarar takardar ƙorafi ta shigo sai a sauke littafin har a gama bincike, binciken kuwa ya ɗauki watanni. Shi ya sa rigimar ba ta tsaya kan batsa ba, ta kwashi littattafan tarihin bauta da wariyar launin fata.

Nan ne zafin maƙwabcinka yake, Baban Sadiq. Tun 1740 Carolina ta Kudu ta yi dokar hana koya wa bayi rubutu, wasu jihohin Kudu suka bi da irinta daga baya. Wanda aka yi wa kakanninsa haka, ba zai ji an ce a sauke littafi ya yi shiru ba. Kantar shagon askin ma ba a banza ba: Alvin Irby, tsohon malamin firamare, ya fara shirin sa littattafan yara a shagunan aski mai suna Barbershop Books a New York a 2013, don yara maza baƙaƙe su riƙa ganin littafi a inda manyan maza suke taruwa. Kuma "mai so ya saya" magana ce ta mai kuɗi, Alhaji. Yara da yawa laburaren makaranta ne kaɗai inda suke taɓa littafi.

Gundumomi da yawa suna da fom da uba zai cika ya taƙaita abin da ɗansa zai ara. Ka tambaya. In za ka yi magana a taron, ka rubuta sunanka da wuri, minti biyu ko uku ake ba mutum.

Baban Sadiq:
Na gode muku ƙwarai. Na karɓo jerin yau. Biyu daga ciki na aro su, zan karanta da kaina kafin ranar. Ɗaya ko daga shafukan farko na san Sadiq ba zai taɓa shi ba, zan sa a fom. Ɗayan kuwa labarin wata yarinya ce a zamanin wariya, har yanzu ban ga laifinsa ba. Zan je taron, amma na gaya wa maƙwabcina ba zan riƙe kwalinsu ba, maganata zan yi da bakina.

Alhaji Mai Tasi:
To madalla. Amma in ka tashi magana ka ambaci na farkon ma, kada ka faɗi rabi. Ladi, turo min sunan fom ɗin nan, jikokina uku ne a firamare.