Matan da suka taɓa kai matsalar shimfiɗar aure gaban likita a nan Saudiyya, me kuka tarar?

Maman Hanifa, Shari' Mansur, Makka

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina kafin in rubuta ta, domin tarbiyyar da muka tashi a cikinta ba ta koya mana buɗe baki a kan abin da ya shafi shimfiɗa ba. Shekarata 11 da aure, haihuwata huɗu, kuma tun bayan ta ƙarshen kusantar maigidana ta koma mini azaba, alhali ba ƙinsa nake yi ba. Na sha tsimi, na sayi haɗin kayan mata a hannun masu zuwa Umara, na zauna a kan dukhan, wato turaren tsugunno, har labulen ɗaki ya kama ƙamshi, amma babu abin da ya sauya. An ce mini akwai likitocin da wannan ne aikinsu. Ina roƙon wadda ta taɓa zuwa da ƙafarta ta faɗa mana abin da ta gani. Kada a ambaci sunan miji ko na asibiti, domin an yi mana gargaɗi mai tsanani a hadisi kan tona sirrin shimfiɗa, kuma magani muke nema a nan.

Ummu Basma, Jidda

Wa alaikumus salam, Yaya. Ni wata takwas na yi a gidan mijina ba tare da auren ya tabbata ba. Duk lokacin da ya matso sai jikina ya ɗaure tamkar an rufe ƙofa an sa sakata, ƙafafuna su haɗe, numfashina ya sarƙe. Dangin miji suka ce sammu ne, namu suka ce aljani ne ya aure ni, aka yi ta ruƙiya, na sha rubutu da zamzam da man habbatus sauda. Ban raina ko ɗaya daga ciki ba, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mijina ya fara zaton ina da wani a zuciya.

Wata likitar mata ce ta fara kiran abin da sunansa, ta ce a Larabce tashannuj mahbali ake ce masa. Ta ɗauki bayan takardar magani ta zana mini tsokokin da ke kewaye da gaban mace, ta bayyana cewa suna matsewa ne da kansu idan jiki ya tsammaci ciwo, kamar yadda ido ke rufewa idan yatsa ya nufo shi, ba tare da mutum ya yi niyya ba. A ranar farko ba ta ko taɓa ni ba. Abin da ya ba mijina mamaki, wanda a zuwan farko ya ƙi fitowa daga mota, shi ne umarnin da ta fara bayarwa: a daina ƙoƙarin saduwa gaba ɗaya na tsawon makonni. Ta ba mu aikin gida na taɓa juna a hannu da baya da kafaɗa kawai, kowa yana faɗin abin da ya ji daɗinsa da abin da bai ji ba, sannan a riƙa ƙarawa mataki mataki. Ta ce wasu masu bincike biyu a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, su ne suka tsara wannan hanya tun shekarun 1960, kuma hikimarta ita ce idan an cire wa jiki fargabar dole sai an kai ga wani abu, sai ya saki. Bayan haka aka haɗa ni da mai gashin ƙashi mace, wadda ta koya mini sarrafa numfashi da amfani da wasu 'yan sanduna masu santsi, daga ƙarami kamar ɗan yatsa zuwa babba, ni da kaina a ɗakina. Cikin wata na huɗu Allah ya kawo sauƙi. Basma yanzu shekararta uku.

Hajiya Maman Sadik, Madina

Maman Hanifa, kafin komai ina tambayarki, kina shayarwa? Irin naki ya same ni bayan haihuwata ta uku, kuma duk da aikin jinya nake yi sai da wata abokiyar aiki ta tuna mini abin da na karanta. A lokacin shayarwa sinadarin da ke kawo nono yana hawa, shi kuma estirojin, wanda ke sa gaban mace laushi da danshi, yana sauka, don haka bushewa da zafi da raguwar sha'awa ba alamar ƙiyayya ba ne. Man santsi mai tushen ruwa da ake sayarwa a kowace saidaliyya, wato kantin magani, ya wadatar da ni. Abin da zan roƙe ki shi ne ki dakatar da duk wani matsi, musamman mai alif, domin ƙara busar da wurin yake yi. Idan kuma an yi miki ɗinki a haihuwar, a duba tabon. Ko kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya kika yi za a haɗa ki da likita.

Ummu Abdurrahman, Riyad

Namu ta ɓangaren maigida ya zo. Direba ne, ya haura shekara 50, ƙarfinsa ya fara ja baya, shi kuma maimakon ya yi magana sai ya koma kwana a falo da sunan zafin baya. Na kusa shekara ina zargin kaina, ina zargin zai ƙara aure. Ashe a ɓoye yana sayen wata zuma a ƙananan leda, har ranar da jiri ya kwashe shi a banɗaki. Likitan mafitsara ya sa aka auna masa sukari na tarakumi, wato awon da ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, aka tarar ya hau sosai, ya kuma bayyana mana cewa ciwon sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi, kuma sau da yawa raunin namiji yakan riga ciwon zuciya bayyana. Game da zumar ya ce hukumar kula da abinci da magunguna ta sha gargaɗi cewa ana zuba wa irinta sinadarin Viagra ba tare da an rubuta ba, kuma wanda ke shan maganin zuciya irin na sa wa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa su hawan jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. An daidaita sukarin, an rubuta masa magani da awo, ya koma ɗaki.

'Yar Karantina, Jidda

Zan taɓa abin da na san mutane da yawa suna da shi a rai amma ba za su rubuta ba. Mu lafiyarmu ƙalau, sai wata rana mijina ya ce yana son mu gwada wani salon wasa: ya rufe mini ido da mayafi, wani lokaci kuma mu yi kamar baƙi ne da suka fara haɗuwa. Kuka na yi, domin a tunanina ya ɗauke ni macen banza, ko kuma ya faɗa kallon abin da bai dace ba. Sati biyu ba ma magana sai gaisuwa.

Mai ba da shawarar iyali da muka je wurinta ba ta goyi bayan kowa ba. Ta ba kowannenmu takarda mai gida uku, na abin da yake so, da wanda zai iya gwadawa, da wanda ba zai taɓa yarda ba, ta ce kowa ya cika shi kaɗai. Abin da shari'a ta haramta, wato dubura da saduwa cikin haila, ba ya ma shiga takarda. Ta ce mu zaɓi kalma ɗaya wadda da zarar ɗaya ya furta ta an tsaya nan take ba tare da fushi ba, kuma yardar jiya ba ta zama hujja a kan yau. Ta yi kashedi da duk wasan da ya shafi matse wuya, ta ce babu wata hanyar yin sa da za a ce ba ta da haɗari. Da muka buɗe takardun, rufe ido yana gidan gwaji a tawa, ɗaure hannu yana gidan a'a, kuma bai sake tayar da shi ba. Abin da ya ba ni kunya da dariya lokaci guda shi ne gidan farko na takardata ya fi nasa tsawo. Shekara bakwai ina da abubuwan da nake so, ban taɓa faɗa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba.

Inna Hajiya, Misfala, Makka

'Ya'yana, ni a zamaninmu gwaggo ce take zaunar da amarya, kuma har yanzu raina bai gama kwanciya da kai sirrin ɗaki gaban bare ba. Sai dai na tuna Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, don haka ba zan hana ku ba. Gargaɗina ɗaya ne, kuma a gidana na gan shi. Ƙanwar surukata ta biya wata mai kiran kanta ƙwararriya a Snapchat riyal 600, ta tura mata saƙon murya cike da sirrinta, aka aiko mata da kwalbar haɗi da ta ƙona mata jiki, daga nan lambar ta daina shiga. Ku tambayi lasisin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya kafin ku buɗe baki, kuma kada ku tura wa kowa hoto ko murya.

Maman Hanifa, Shari' Mansur, Makka

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya Maman Sadik, shayarwa nake yi, yarinyar watanta bakwai, kuma an yi mini ɗinki. Na kwashe kayan matsin na zubar, na kuma karɓi lokacin ganin likitar mata ranar Talata bayan La'asar. Abin da ya rage mini shi ne maigida, wanda har yau bai san ina jin zafi ba, domin cije leɓe nake yi. Ummu Basma, da wace kalma kika fara, har naki ya yarda ya fito daga motar?