Typhus ba taifot ba ce: wane suna za mu raɗa mata?

1/ 'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan asibiti, ku zo mu kashe wata magana. Jiya ina fassara takardar wayar da kai na ci karo da typhus. Na rubuta "taifus", na karanta wa Inna, sai ta ce, "Au, taifot kake nufi?" Nan take na goge.

2/ Taifot ta ruwa da abinci take shiga. Ita kuwa typhus da danginta, kwarkwata da ƙuma da kaska ne ke kawo su. Ƙwayar sunanta riketsiya, daga sunan Howard Ricketts, likitan Amurka da cutar ta kashe a Meziko a 1910 yana tsaka da bincikenta.

3/ Shawarata: a kira kowacce da sunan mai kawo ta. Zazzaɓin kwarkwata, zazzaɓin ƙuma, zazzaɓin kaska.

4/ Wani likita ya ce mini, "Malam, da sauran rina a kaba. Kaska ba riketsiya kaɗai take ɗauka ba." Gaskiyarsa. To, a takardar asibiti a rubuta "riketsiyar kaska". Amma makiyayin da ke cire kaska a hantsar saniya, idan aka ce masa zazzaɓin kaska, zai tuna ranar da ta maƙale masa a cinya. Tarihin da likita ke nema ke nan.

5/ Sai eschar, wato baƙin abin da ke fitowa a wurin cizon, da ja a kewaye, kamar an ɗosana wutar taba. Ba ya cika zafi, shi ya sa yake ɓuya a hammata ko matsematsi. Wata 'yar uwa ta ce "tabon kaska". Ban yarda ba, Hajiya, tabo sai bayan an warke. Na fi son "baƙin ɓamɓaroki".

6/ Gwajin jini ma na ƙara ruɗani. Widal na taifot ne. Na riketsiya akwai tsohon Weil-Felix na 1916, mai yawan kuskure. Sabon kuma sau da yawa ba ya nuna komai a makon farko, sai an sake ɗibar jini bayan mako 2 zuwa 4 a ga garkuwar jiki ta ninka huɗu. Don haka likita ba ya jira: zazzaɓi, ciwon kai, ƙuraje, baƙin ɓamɓaroki, sai ya fara ba da maganin doxycycline.

7/ Mutanen Maraɗi da Damagaram, likitocinku tache noire suke ce wa baƙin ɓamɓarokin nan da Faransanci. Da Hausa me kuke kiransa?